Wai yaya ƙasa ke shiga BRICS ne?

Ɗan Tawa: Salam ƴan uwa. Jiya a Katako muna shan shayi gardama ta kaure, wani na cewa kuɗi ake biya a shiga BRICS, ƙungiyar nan ta su Brazil, Rasha, Indiya, Sin da Afirka ta Kudu. Don Allah masu sani ku yi mini bayani, abin ya dame ni tunda Nijar ta fita CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba kuɗi ba ne, ƙasa ce ke nuna tana so sannan sai duka mambobi sun yarda, ko guda ta ƙi to magana ta mutu. A taron Johannesburg na 2023 aka gayyaci ƙasashe 6, a cikinsu Masar, Habasha, Iran da Daular Larabawa suka shiga a 2024, Ajantina kuwa da Milei ya hau mulki ya ce ba ya so.

Hajiya Ramatu: Ku ƙara da Indunusiya a 2025. Najeriya ma abokiyar hulɗa ce kawai, ba cikakkiyar mamba ba. Ni dai wallahi albasarmu ta Galmi nike ji, a samo mata kasuwa, kar ta riƙa ruɓewa cikin buhu a bakin iyaka.

Ɗan Tawa: Na gode Malam, Hajiya gaskiyarki.