Me ya sa lissafin FROG ke ba ni siffa biyu ga bugun leza ɗaya?

Ɗalibin Fiziks:
Assalamu alaikum, malamai. Ina aiki da lezar Ti:sapphire mai tsawon zango nanomita 800, wadda tsawon lokacin bugun haskenta bai kamata ya wuce femtosakan 30 ba (femtosakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa). Tun da babu na'urar lantarki da ke da saurin kama irin wannan bugu kai tsaye, sai na bi hanyar FROG, wato dabarar auna siffar gajeren bugun leza, wadda Trebino da Kane suka fito da ita a farkon shekarun 1990: na raba hasken gida biyu, na jinkirta ɗaya, na haɗa su cikin kiristal na BBO, wanda ke ninka mitar haske ya mai da shi shuɗi, sannan na ɗauki launukan shuɗin hasken da ke fitowa a kowane jinkiri. Daga wannan hoto ne kwamfuta ke lissafo siffar bugun. Damuwata ita ce duk lokacin da na canja hasashen farko da nake ba kwamfuta, sai ta dawo da siffa dabam, alhali adadin kuskuren da take nunawa kusan ɗaya ne. Wacce zan yarda da ita?

Malamin Kimiyyar Haske:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara ɗora siffofin biyu a kan juna, ka juya ɗaya ta fuskar lokaci. Idan suka dace, to ba ka yi kuskure ba, domin FROG mai ninka mitar haske ba ya bambance gaban bugu da bayansa, hoton da yake bayarwa iri ɗaya ne ta kowane ɓangare. Maganinsa shi ne ka sa gilashin silika mai sanannen kauri a gaban na'urar, ka sake awo. Milimita ɗaya na gilashin yana ƙara wa bugun warwatsuwar launuka ta kusan femtosakan 36 murabba'i a wannan zango, don haka siffa ɗaya ce kawai za ta canja yadda lissafi ya nuna.

Mai Binciken Leza:
Na yarda da bayanin Malam, amma ina roƙonka ka duba kaurin kiristal ɗin kafin ka zargi kwamfuta. A cikin BBO shuɗin haske yana bayan hasken lezar na asali da kusan femtosakan 190 a kowane milimita, saboda haka kiristal mai kauri zai yanke gefunan launukan, lissafin kuma zai yi ta ƙoƙarin dacewa da hoton da babu bugun da zai iya haifar da shi. Na taɓa ɓata makonni biyu a kan haka, ina ƙara yawan zagayen lissafi, ashe gyaran yana kan teburin awo. Ka tara hoton ta ɓangaren jinkiri, ka gwada sakamakon da abin da launukan lezar da ka auna daban suka ce ya kamata a samu. Idan awon ya tsarkaka amma lissafin yana maƙalewa, ka gwada COPRA, wata hanyar lissafi ta 2019, wadda ke rage murabba'in bambanci kai tsaye kuma ta fi tsohuwar hanya jure hayaniyar bayanai. Ka kuma fara daga hasashe iri-iri masu yawa.

Ɗalibin Fiziks:
Allah ya saka muku da alheri. Na juya siffar ba su dace ba, da na duba kuma sai na ga kiristal ɗin rabin milimita ne. Na nemi mai maikuromita 20, zan sake awon da gilashin a gaba.