Mutuwar Jack Twist a fim ɗin Brokeback Mountain: haɗari ne ko kisa?

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum. Na sake kallon Brokeback Mountain, fim ɗin Ang Lee na 2005 da ke ba da labarin soyayyar wasu makiyaya maza biyu, Ennis da Jack, da suka haɗu wajen kiwon tumaki a jihar Wyoming ta Amurka a 1963, kuma akwai wurin da ya ɗaure mini kai. Bayan katin wasiƙar da Ennis ya aika wa Jack ya dawo masa da hatimin cewa mai shi ya rasu, sai ya buga wa Lureen, matar Jack, waya. Ta ce Jack yana sa wa tayar motarsa iska ne a wata hanyar bayan gari, tayar ta fashe, rim, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kansa, ya buge shi a fuska ya karya masa hanci da muƙamuƙi, ya faɗi rigingine a sume har jininsa ya shaƙe shi. Amma tana cikin magana sai aka nuna wasu mutane suna dukan Jack da ƙarfen cire taya. Shin abin da ya faru ke nan a zahiri, ko kuwa abin da zuciyar Ennis ta raya masa ne?

Malama Uwani:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina wannan hoton daga cikin kan Ennis ya fito, domin tun da farko an shirya mana dalilinsa. Ya taɓa gaya wa Jack cewa yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya kai shi, shi da wansa, su ga gawar wani dattijo mai suna Earl a cikin rami, wanda aka kashe saboda yana zaune da wani namiji, kuma Ennis bai cire zargin cewa da hannun mahaifin nasa a ciki ba. Mutumin da ya rayu da wannan tsoro tun yana yaro, wanda shi ne ya sa ya ƙi amincewa su zauna tare duk naciyar Jack na kusan shekara ashirin, ba zai ji labarin mutuwar ya ga wani abu daban ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ku lura kuma cewa tsakanin maganar Lureen da fuskar Ennis aka cusa hoton dukan, ba a ware masa wuri da lokacinsa kamar sauran abubuwan da suka faru a labarin ba.

Bala Mai Faci:
Ina goyon bayan Malama ta wani ɓangare, don ni sana'ata ce. Mutane da yawa suna jin labarin Lureen kamar tatsuniya, alhali tsofaffin manyan motoci suna da rim mai zobe, wanda idan bai zauna daidai ba aka cika iska, zoben kan fita da ƙarfin da zai iya kashe mutum nan take. Shi ya sa ake sa irin wannan tayar cikin keji na ƙarfe kafin a buga mata iska. Na ga yaron shago da irinsa ya tsinke wa yatsu biyu. Saboda haka labarin abu ne da zai iya faruwa.

Sani Kofar Mata:
Malam Bala, babu mai musun cewa haɗarin zai iya faruwa, amma ai ƙaryar da za ta karɓu dole ta yi kama da gaskiya. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda Anne Hathaway, wadda ta fito a matsayin Lureen, ta furta bayanin, a jere, murya a sanyaye, kamar wadda ta haddace shi saboda yawan maimaitawa ga masu ta'aziyya. Muryarta ba ta yi rawa ba sai da Ennis ya ce a dutsen Brokeback suka yi kiwo tare, wurin da Jack ya ce a watsa tokar gawarsa, ita kuwa tana zaton sunan wani wuri ne da ya ƙirƙira. Sannan ga zuwan Ennis gidan iyayen Jack a Lightning Flat, inda uban ya gaya masa cikin gatse cewa da Jack yakan ce zai kawo Ennis su gyara gonar, amma a bana wani maƙwabcinsa na Texas yake cewa zai kawo, har zai rabu da matarsa. Wannan yana nuna Jack ya rage ɓoye-ɓoye a ƙaramin gari kamar Childress, inda yake zaune a Texas, a farkon shekarun 1980, inda kowa ya san kowa. A gajeren labarin Annie Proulx da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, wanda mujallar The New Yorker ta buga a 1997, a daidai wannan wurin ne Ennis ya yanke wa kansa hukuncin cewa da ƙarfen taya aka kashe Jack. Shekara ɗaya bayan fitowar labarin aka kashe Matthew Shepard, wani ɗalibi mai neman maza, kusa da garin Laramie, a Wyoming ɗin dai, saboda haka masu kallo a Amurka ba su ɗauki tsoron Ennis a matsayin waswasi ba.

Malama Uwani:
Malam Sani, hujjarka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, domin sanyin muryar Lureen zai iya zama na matar da aurenta ya daɗe da mutuwa, wadda ta gaji da ba da labari ɗaya. Ko a rubutun Proulx ma, Ennis ne ya tabbatar wa kansa, kuma bai je Texas ba, bai ga gawa ba, bai yi magana da wanda ya tsinci Jack a hanya ba. Abin da ya samu kawai shi ne riguna biyu masu tabon jini a lungun ɗakin Jack, tasa a cikin ta Jack, kuma jinin nan na faɗan da suka yi ne a kan dutse a 1963.