Karantar da yaro mai sikila a gida da littattafan aiki: ina neman shawarar waɗanda suka gwada

Uwar Yara, Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Babban yarona shekararsa 9, yana aji huɗu na firamare, kuma yana da sikila. A zangon da ya wuce sau uku ciwon yana tashi, biyu daga ciki har sai da aka ba mu gado, kuma duk sanda ya koma aji sai ya tarar an yi masa nisa. Ba na ganin laifin malamansa, domin wanda yake da aji cike da yara ba zai tsayar da darasi saboda yaro ɗaya ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron ya fara kiran kansa daƙiƙi, alhali na san rashin zuwa ne ya bar masa giɓi, musamman a lissafi, inda yana kwance aka koyar da rabawa, daga nan kuma komai ya cuɗe masa.

Wata maƙwabciyata ta ba ni labarin tsarin da ake karantar da yaro a gida da ƙananan littattafan aiki, kowanne da bayaninsa da tambayoyinsa da gwajinsa, yaro ya riƙa tafiya daidai ƙarfinsa, in ya gama ɗaya ya ɗauki na gaba. Ina da NCE, na kuma koyar shekara huɗu kafin na ajiye aiki, don haka zama da shi ba zai gagare ni ba. Shin littattafan nan suna koyarwa da gaske, ko cike gurbi kawai yaro yake yi? Idan kuma muka cire shi daga makaranta, yaya za mu yi da jarrabawa da takardar shaida nan gaba? Mahaifinsa bai hana ba, ya dai ce in ji ta bakin waɗanda suka san abin tukuna, ga shi hunturu ya ƙarato, lokacin da ciwon ya fi matsa masa.

Maman 'Yan Biyu, Tumfure

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Ni 'yar Kaltungo ce, kuma na karantar da 'yan biyuna da irin waɗannan littattafan tun daga lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020, har kusan shekara biyu. Wanda muka yi amfani da shi ana kiransa ACE (Accelerated Christian Education), an faro shi ne a jihar Texas ta Amurka a 1970. Kowane fanni an raba karatun shekararsa gida 12, kowane kashi ɗan littafi ne mara kauri. Kafin a fara ana yi wa yaro gwaji don a gano inda ya tsaya a kowane fanni, saboda haka yana iya zama a mataki na huɗu a Turanci amma na uku a lissafi, kuma wannan shi ne abin da nake ganin zai fi yi wa yaronki amfani. Kowace safiya yaro ne da kansa yake rubuta shafukan da zai gama a ranar, ya yi aikin, ya duba littafin amsoshi, ya gyara kurensa. A ƙarshen littafi akwai gwaji, kuma sai ya ci 80 cikin 100 zai wuce. In bai kai ba ya sake littafin.

Sai dai dole in gaya miki gaskiya tsakani da Allah. Manhajar ta Kirista ce tun daga tushe, akwai ayoyin Littafi Mai Tsarki da koyarwar addini a cikin kowane fanni, har da kimiyya. Mu abin ya dace da gidanmu, amma daga sallamarki na fahimci ke Musulma ce, kuma ba abu ba ne da za ki iya tsallake shafi ɗaya ko biyu ki kauce masa. Ban da haka, an rubuta su ne don yaran Amurka: kuɗin lissafi dala ne, awo da inci da ƙafa, tarihin ma nasu ne, ga tsada tunda da dala ake sayen su kuma littafin da aka rubuta a ciki ba ya komawa hannun ƙane. Abin da ya fi ba ni wahala kuwa shi ne littafin amsoshi. Na yi wata guda ina murna ɗaya daga cikin yaran yana gudu, ashe ya haddace inda amsoshin suke ne, ranar da na rufe littafin na tambaye shi da baki sai ya yi shiru.

Tsohon Hedimasta, Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam. Malama, na yi shekara 35 a aikin koyarwa, kuma ina so ki lura da cewa wannan tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo yara talatin suna zaune a zaure ɗaya, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kai izu biyar, kowa da allonsa, ba wanda yake jiran wani, kuma wanda ya yi jinyar wata guda yana dawowa ne ya ɗora daga inda ya tsaya ba tare da ya ji kunya ba. To amma me ya riƙe tsarin? Yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya karanta, malam ya saurara, ya gyara masa, sannan ya ba shi ƙari. Labarin da baiwar Allah ta Tumfure ta bayar game da littafin amsoshi ya nuna abin da yake faruwa idan aka bar allo aka ɗauke malam. Saboda haka amsar tambayarki ta farko tana hannunki: littafin zai tsara masa hanya, amma ke ce za ki zauna ki ce ya bayyana miki da Hausa dalilin da ya sa 56 a raba gida 7 ya ba da 8, ya kuma nuna miki da ƙwayar wake ko murafen kwalba. In ya iya wannan, ya wuce. In bai iya ba, ko ya cike shafin daidai, kada ki ba shi ƙari.

Kuma ba sai kin sayo komai daga waje ba. Littattafan firamare da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda aka rubuta bisa manhajar NERDC, wato hukumar da take tsara manhajar karatu ta ƙasa, yawancinsu suna da littafin aiki. Ki karɓi jadawalin darussan zango daga makarantarsu, ki yanka shi kashi-kashi na mako ɗaya ko biyu, ki rubuta wa kowane kashi gwaji na tambaya goma, wanda mai NCE ba za ta sha wahalarsa ba. A lissafi ki koma da shi baya har inda ƙafarsa take taka ƙasa, ko da aji uku ne, a sauran fannoni kuma ki bar shi a ajinsa.

Game da cire shi daga makaranta, a nan ina roƙonki ki dakata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da cewa yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala, shekara 9 ke nan. Sannan jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake rajistarta, ana kuma haɗawa da makin gwaje-gwajen da yaro ya tara a aji. Gaskiya ne a matakin babbar sakandare WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutum zai rubuta ya nemi kiredit biyar har da Turanci da lissafi ya kuma zauna JAMB, amma tsakanin yaro mai shekara 9 da wannan matakin akwai tafiya mai nisa. Shawarata ita ce ku je da mahaifinsa wurin shugaban makarantar da takardar likita, ku nemi a bar sunansa a rajista, ya riƙa zuwa ranakun da yake da lafiya da lokacin jarrabawar zango, sauran aikin kuma a gida. Na yi wa iyaye irin wannan alfarmar lokacin da nake aiki, ban kuma taɓa yin da-na-sani ba.

Ɗalibi Mai Sikila, Yelwa, Bauchi

Umma, ni ma da wannan ciwon na tashi, yanzu ina jami'a. Ina goyon bayan Baba Hedimasta, amma dalilina daban ne. Abin da na fi tunawa a shekarun firamare ba darasin da na rasa ba ne, zaman ɗaki ne ina jin hayaniyar yara suna wucewa da safe. Ranar da na samu zuwa makaranta, ko ban fahimci komai ba, ina dawowa da jin cewa ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Don Allah kada karatun gida ya zama dalilin da zai rage fita. Ki bar shi a Islamiyya, ki kuma jawo ɗaya ko biyu daga 'yan ajinsu su riƙa zuwa yin aikin gida tare da shi. Sannan kwanakin da suka biyo bayan tashin ciwo jiki yana mutuwa, kai ba ya ɗaukar komai, saboda haka idan ya ce shafi ɗaya zai iya a ranar, ki yarda da shi.

Uwar Yara, Tudun Wada, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. 'Yar'uwata ta Tumfure, gaskiyar da kika faɗa mini ta hutar da ni kashe kuɗi a kan abin da bai dace da gidanmu ba, amma zan ari gwajin farko da sharaɗin 80 cikin 100, littafin amsoshi kuma a ɗakina zai zauna. Na karanta wa mahaifinsa amsoshin nan jiya da dare, mun tsayar da cewa ranar Litinin za mu je makarantar da takardar asibiti kamar yadda Baba ya ce. Ɗana na Yelwa, maganarka ta sa ni hawaye, domin ban taɓa tambayar yaron abin da shi yake so ba, sai yau da safe, ya ce yana son ya riƙa zuwa ko da ranar Talata da Alhamis ne. Baba, saura tambaya ɗaya: tunda a rabawa ya tsaya, in fara da jadawalin sau tukuna, ko in koma har kan ragewa?