Na sa sabon furosesa, kwamfuta ta ƙi tashi, ku taimaka

Lawali: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kwamfutar tebur ɗaya gareni irin tsoffin nan na ofis, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i3-2100 ke ciki, lokacin da ɗalibai ke kawo memuwar (kundin kammala karatu), nauyi take yi sai ka ji kamar ka jefar da ita. Na aika Kano aka sawo min i7-3770, ya zauna daram cikin soket (mazaunin furosesa), na kunna fanka na juyawa amma ekran baƙi ƙirin, ko tambari bai fitowa. Na maida tsohon ta tashi lafiya lau. Mai sayarwan yace wai sai na ƙara kash kamin ya yi aiki. A ina ake samun kash a Maradi, kuma mi ya hana ta tashi?

Sani mai gyara: Wa alaikumus salam. Mutumin nan ya raina maka wayo Lawali, kash, wato ƴar ma'ajiyar bayanai mai sauri ta furosesa, ba abin da ake sayowa a ƙara bane yanzu. Da can zamanin 486 da Pentium na farko akan sa shi bisa kart mer (babban allon da komai ke haɗe bisansa), amma yau cikin furosesa yake tun daga masana'anta. i3 ɗinka 3MB gareshi, i7 ɗin 8MB. Soket ɗinsu ɗaya ne LGA1155 shi yasa ya shiga, sai dai i3-2100 zubi na biyu ne shi ko 3770 zubi na uku na 2012, tsohon BIOS (manhajar kart mer mai tada kwamfuta) bai san shi ba. Da tsohon furosesan a ciki zaka sabunta BIOS, kuma don Allah ka haɗa da ondilar (batirin riƙe wuta), in kuran ya ɗauke ana tsakiyar aikin kart mer ta tafi kenan, ni na taɓa gani da idona.

Malam Isufu: Dakata Sani kar yaron nan ya wahala a banza. Lawali ɗauko CPU-Z, manhajar nuna kayan cikin kwamfuta, kyauta ne, buɗe wajen bayanin kart mer ka faɗa mana cifset ɗin, wato guntun da ke haɗa furosesa da sauran kayan.

Lawali: To Malam na duba, Q65 ya nuna.

Malam Isufu: Abin da na ji tsoro kenan. Q65 da Q67 da B65 ba su ɗaukar zubi na uku ko ka sabunta BIOS sau goma. Da H61 ce ko Z68 da akwai fata. Taka iyakarta zubi na biyu, nemi i7-2600, shi ma kor (sashen lissafi na furosesa) huɗu ne kash 8MB, aikin buga takardu ba zaka ma ji bambanci da 3770 ba. In kuɗi sun gaza i5-2400 ma ya isa, 6MB.

Sani mai gyara: Gaskiya ne Malam, na yi gaggawa. Amma Lawali ka lura i3 ɗinka wat 65 yake ci su 2600 da 2400 kuwa 95, in akwatin ƙarami ne da ƙaramar fanka to zafin watan Afrilu na garin nan zata riƙa kashe kanta. Goge tsohon man furosesa (man da ke kai zafinsa ga ƙarfen sanyaya) ka shafa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka hure ƙurar. Kuma duk cirewa da maidawa haska tocila cikin soket, ƴan alluran nan da an taɓa su sun lanƙwashe.

Hadiza: Ni dai tambaya, dis ɗinka na ajiyar bayanai, na da ne mai juyawa? Tawa SSD (dis mai sauri marar juyawa) na sa da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 8, furosesa ko taɓa shi ban yi ba, ta koma kamar sabuwa.

Lawali: Na da ne wallahi Hajiya, har ƙara yake. Malam to 3770 ɗin fa, asara kenan?

Malam Isufu: Wace asara. Akwai 2600 wurina cikin wata da kart mer ɗinta ta ƙone, kawo naka gobe bayan la'asar mu gwada su biyun a gabanka, in sun tashi mu yi musaya. Taho da man furosesan.