Yarona na buga ƙwallo biyu, koci ya ce ya ajiye ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a jihar Minnesota ta Amurka. Babban ɗana shekararsa 16, yana sakandare. Da kaka yana buga ƙwallon ƙafar Amurka, wannan ta kwalkwali da ture-ture, da sanyi ya shigo sai ya koma ƙwallon kwando. Yanzu kocin kwandon ya ce in da gaske yake ya bar ɗayar, ya ba kwando shekarar gaba ɗaya. Yaron ya kafe, wai ai Bud Grant ya buga duka biyun har ya ci abinci da su. Ni ban ma san mutumin ba sai a bakinsa. Mahaifiyarsa kuwa tun ranar da ya shigo gida yana dafe da kai, ya kasa cin tuwon dare, ta tsani wasan kwalkwalin. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani dattijo a Minneapolis: Wa alaikumus salam. Yaronka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka. Bud Grant ya buga wa ƙungiyar kwando ta Minneapolis Lakers, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, a 1950 tare da fitaccen ɗan wasansu George Mikan. Sai dai ɗan benci ne, ko maki uku ba ya kaiwa a wasa in aka raba. Kaka biyu ya yi, ya tattara ya koma ƙwallon kwalkwali a ƙungiyar Philadelphia Eagles a 1951. A nan aka ga ainihin baiwarsa: a 1952 ya cafe ƙwallo sau 56, yadi 997. Da suka kasa daidaitawa kan albashi ya tsallaka Kanada, wajen Winnipeg Blue Bombers, ya zama kocinsu a 1957 yana ɗan shekara 29, ya ci musu kofin Grey, babban kofin ƙwallon kwalkwali na Kanada, sau huɗu. Daga 1967 ya riƙe Vikings, ƙungiyar kwalkwalinmu ta Minnesota, ya kai su Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, sau huɗu, duka aka doke mu (kar ka tuna min, har yau abin na ci min rai). Ya rasu a 2023 yana da shekara 95.

Abin lura, Alhaji, bi da bi ya yi su. Ya sauke wannan tulun kafin ya ɗauki wancan. Amma a jami'ar Minnesota wasa uku ya buga, ba wanda ya tsare shi ya ce zaɓi ɗaya. Ni da ɗana ne, ba zan bari koci ya yanke masa hukunci a shekara 16 ba. Shi kocin, ƙungiyarsa yake dubawa.

Wata uwa, ma'aikaciyar jinya: Baba, a yi min afuwa, ni ina bayan maman yaron. Yaron da ya dawo yana dafe da kai, abinci ya gagare shi, likita ya kamata ya gani kafin a yi zancen kofi. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitar da jini, shi ya sa ake raina ta, kuma in ya sake buguwa kafin ta farko ta warke, hatsarin ya fi. An duba shi kuwa? Yana barci lafiya? Haske na damunsa?

Wani matashi: Kawu, zamanin Grant daban ne. Otto Graham ma ya ci kofin kwando da Rochester Royals a 1946, a shekarar ya fara buga kwalkwali da Cleveland Browns. Yanzu NFL, babbar gasar kwalkwali, na farawa a Satumba, NBA a Oktoba, ba jikin da zai ɗauka. Charlie Ward ya lashe kyautar Heisman a 1993, gwarzon ƙwallon kwalkwali na jami'o'i ke nan, amma kwando ya koma bugawa a New York Knicks. Antonio Gates kuma kwando ya buga a jami'a, ya zo ya yi suna a ƙwallon kwalkwali a ƙungiyar Chargers. Kuma mutum 60 kacal ake zaɓa a NBA duk shekara, NFL fiye da 250. Tsawonsa nawa? In bai haura ƙafa shida da ɗoriya ba, ƙofar kwando ƙarama ce.

Wani daga Zariya: Ku tuna Masai Ujiri a garinmu ya tashi, bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma shi ya ja ragamar Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin a 2019. A riƙe boko dai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya, gaskiya ba mu kai shi asibiti ba, washegari ya ce ya warke muka bar zancen. Na kira likita, an ba mu ranar Talata. Tsawonsa ƙafa shida da inci ɗaya, kuma har yanzu wandunansa na ɗagewa. Baba, zan je in sami kocin da kaina, in ji ko zai bar shi ya ƙarasa wannan shekarar a haka. Mamansa dai ta kulle kwalkwalin a ɗakinta, makullin na hannunta.