Yawan hari ko ingancinsa: wanne ake dubawa a hokin ƙanƙara?

Mai_Raga: Salamu alaikum. A gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, sai ka ga ƙungiya ta fi abokiyar karawarta kai hari nesa ba kusa ba, amma ta sha kashi. Da wane ma'auni ake gane ko damarmakin nata na gaske ne, kuma me koci zai gyara?

Malam_Lissafi: Wa alaikumus salam. Fara da ware lokacin da ake buga biyar da biyar, domin idan an fitar da ɗan wasa ya zauna zaman hukunci alkaluman duk rikicewa suke yi. Ma'aunin Corsi yana ƙirga kowane bugu: wanda ya nufi raga, wanda ya bauɗe, da wanda aka tare. Ma'aunin Fenwick yana cire wanda aka tare. Aibinsu shi ne bugu daga shuɗin layi mai nisa da raga da bugu a bakin raga duk ɗaya suke ɗaukarsu. Shi ya sa shafin Natural Stat Trick yake ba kowane bugu maki 1, 2 ko 3 gwargwadon kusancinsa da raga. Ana ƙara 1 idan faifan (puck, abin da ake bugawa a madadin ƙwallo) ya dawo aka sake bugawa cikin daƙiƙa 3, ko harin bazata ne cikin daƙiƙa 4 da fitowa daga tsakiyar fili ko gida. Ana rage 1 idan an tare. Maki 2 ko fiye dama ce, 3 ko fiye dama mai haɗari. Ita kuwa xG, wato ma'aunin yawan cin da ake sa ran samu, tana ba kowane bugu kason yiwuwar shigarsa, sai a tara.

Yar_Toronto: Malam ya yi bayani, amma akwai tarko. Ƙungiyar da aka ci ita ke yawan kai hari, mai rinjaye kuma ta koma baya ta tsare, don haka a duba alkaluman da aka daidaita da sakamakon wasa. Sannan mutane ne suka daɗe suna rubuta wurin da aka buga a kowane fili, kuma hannunsu ba ɗaya ba ne. Babban giɓin dai shi ne xG ta shafukan kyauta ba ta ganin fasin ɗin da aka yi kafin bugu. Steve Valiquette, tsohon mai tsaron ragar New York Rangers, ya daɗe yana nuna cewa fasin ɗin da ya ƙetare tsakiyar fili daga wannan gefe zuwa wancan shi ke kashe gola, saboda dole ya zame ya sake tsayuwa. Wannan sai ka kalli bidiyo ka ƙirga da kanka.

Dan_Benci: Ɗan'uwa, a kan gyara, dubi yadda suke shiga yankin abokan gaba. Binciken da Eric Tulsky da abokansa suka gabatar a taron nazarin alkaluman wasanni na MIT Sloan na 2013 ya nuna shiga da faifan a sanda yana haifar da bugu fiye da ninki biyu na cilla shi kwana a bi shi. Ka ƙirga kowace shiga, ka rubuta bugu nawa ta haifar kuma daga ina. Kada ka yanke hukunci da wasa 5. Haɗa kason cinsu da kason tarewar golansu, wato PDO: idan ya faɗi ƙasa da 100 sosai alhali damarmaki masu haɗari suna hannunsu, a bar tsarin yadda yake, yawanci yana farfaɗowa kafin kakar wasa ta ƙare.