Bot ya hana mu sakat a zaurenmu na Telegram, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wani zauren masu kiwon kaji a Telegram, mu 3 ne admin. Da zage-zage suka yi yawa sai na saka bot, wato manhajar da ke tace saƙonni da kanta, na ba shi jerin kalmomin da zai riƙa gogewa, ciki har da "banza" da "shege".

To ga matsalar. Jiya wani dattijo ya rubuta cewa kuɗin allurarsa ya tafi a banza, bot ya goge saƙon, ya kuma rufe masa baki. Sai da na kira shi na ba shi haƙuri. Masu habaici kuwa, ko gezau, tunda ba sa kama suna.

Akwai yadda zan saita shi ya turo mana saƙon mu duba kafin ya hukunta mutum? Ko in cire shi mu koma raba dare tsakaninmu?